Tambaya: wai da gaske sun shekara ba su hau bas ba?

Ɗan Nima:
Salam jama'a. Ƙanwata ce ta dawo da aikin gida kan Rosa Parks, na leƙa littafin sai na ga wai baƙaƙen fatan garin Montgomery na Amurka sun yi kwana 381 ba su hau bas ba saboda wariya. Ni dai abin bai shiga kaina ba wallahi, ni da in trotro, wato ƙaramar motar haya, ya yi wuya rana ɗaya daga Nima zuwa Circle nan Ankara babban birnin Ghana har faɗa nake da yaron mota, to su da me suke zuwa aiki? Ko gishiri aka ƙara?

Malamin Aboabo:
Wa alaikumus salam ɗana, babu gishiri ko kaɗan. An kama Rosa Parks ran 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi wa bature kujera a bas, ran 5 ga wata aka fara ƙauracewa. Amma kar ka ɗauka wata baiwar Allah ce kawai ta gaji, sakatariyar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata NAACP ce ta garin, kuma kafin ita an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, kan abu iri ɗaya. Mata ne suka kwana suna buga dubban takardun kiran ƙauracewa aka raba kafin gari ya ankara. Da farko masu tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutane a kuɗin bas, senti 10, hukuma ta hana, sai aka haɗa motocin mutane wajen 300 da tasha tasha da lokacin tashi, kamar dai tashar Kejetia ta Kumasi amma ba wanda ke neman riba. Wanda bai samu mota ba ya taka da ƙafa cikin sanyi. Kuma su ne mafi yawan fasinja, shi ya sa kamfanin ya ji a jika.

Hajiya mai wake da shinkafa:
Malam ka manta da mu. Man fetur ɗin nan wa ya saya? Akwai wata mai girki Georgia Gilmore, ta tara mata suna soya kaza suna gasa kek suna sayarwa, kuɗin su kai wurin taro a coci. Duk wanda ya taɓa riƙe adashi ya san tara kuɗi sati sati har shekara ya fi ihu a titi wuya.

Malamin Aboabo:
Gaskiyarki Hajiya, na karɓi gyara. Sai dai a ƙarshe kotu ce ta yanke, Kotun Ƙoli ta ce wariyar bas haramun ce a Nuwamba 1956, bayan har an jefa bam gidan Martin Luther King, jagoran ƙauracewar.

Baba Sabon Zango:
Ku yaran yanzu kuna ganin abin nesa ne. King ɗin nan ya zo Ankara bikin 'yancin kan Ghana a Maris 1957. A shekarar kuma ministan kuɗinmu Gbedemah ya shiga wani gidan abinci a jihar Delaware ya nemi ruwan lemo aka ce baƙar fata ba ya zama ya sha a ciki, minista guda fa! Kunya ta sa shugaban Amurka Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa. Kuma ƙauracewa mu ma mun yi tamu tun 1948, lokacin da wani basaraken Ankara, Nii Kwabena Bonne, ya sa aka daina sayen kayan kantunan turawa saboda tsada, ko da yake namu na farashi ne ba na kujera ba.

Ɗan Nima:
Kai na gode ƙwarai. Baba zancen lemon nan zan sa ta rubuta, malaminsu ma ina jin bai san shi ba. Hajiya gobe ina nan tafe, a ƙara min talia.