Boga mai ja a tsakiya a gastropub: a ci ko a ce a ƙara gasawa?

Baƙon Tebur:
Assalamu alaikum. Abokan aikina sun shirya mu fita cin abincin dare a wani gastropub da ya yi suna a tsakiyar birni, irin mashayar nan da girkinta ya fi abin shanta jan jama'a, kuma kowa ya ce bogar wurin ce ake zuwa ci, wato niƙaƙƙen naman nan da ake gasawa a saka a tsakiyar burodi. Da na duba jerin abincinsu a intanet, sai na ga sun rubuta cewa suna kawo ta da sauran ja a tsakiyar naman, sai dai idan mutum ya nemi a gasa masa sosai. Shin wannan alamar ƙwarewa ce, ko kuwa kasada ce da lafiya? Sannan mene ne ya bambanta ta da ta gidajen abincin gaggawa, har kuɗinta ya fi nata nesa ba kusa ba?

Tsohon Kuku:
Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka ce a gasa maka sosai, kuma kada ka ji nauyin faɗa. Mutane kan kwatanta boga da yankan nama guda, su ce tun da ana cin wancan da ja, wannan ma ba laifi, alhali ba ɗaya ba ne. A yankan nama, ƙwayoyin cuta suna ta wajensa ne, wuta tana taɓa shi ta kashe su. Da zarar an niƙa naman kuwa, abin da ke waje ya cuɗanya da na ciki, saboda haka dole zafin ya kai har tsakiya. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce niƙaƙƙen naman shanu ya kai digiri 71 a ma'aunin Selsiyos, hukumar kula da abinci ta Birtaniya kuma ta ce digiri 70 na tsawon minti 2. Ba haka kawai aka tsaurara ba: a 1993 bogar da ba ta gasu ba a rassan gidan abincin gaggawa na Jack in the Box a Amurka ta sa mutum sama da 700 rashin lafiya da ƙwayar E. coli O157:H7, yara 4 suka rasu. Ka kuma sani cewa launi ba hujja ba ne, domin nama yakan yi duhu tun kafin ya kai wannan zafin. Kicin ɗin da ya san aikinsa da ma'aunin zafi yake tabbatarwa.

Malama Mai Ɗanɗano:
Ranka ya daɗe, bayaninka ya yi, amma a ganina ka ɗan yi wa irin waɗannan wuraren kudin goro. Tun da aka buɗe The Eagle a unguwar Clerkenwell ta Landan a 1991, wanda akasari ake ɗauka shi ne gastropub na farko, abin da suke tinƙaho da shi shi ne suna girki irin na manyan gidajen abinci ba tare da tsarabe-tsarabensu ba. Masu kirkin cikinsu suna niƙa naman da kansu a ranar da za a gasa shi, wasu ma sai sun babbake bayan yankan kafin su niƙa, kuma wannan yana rage haɗarin, ko da yake bai kawar da shi gaba ɗaya ba. Shi ya sa a Birtaniya ba a haramta bogar mai ja ba, sai dai an gindaya wa mai sayarwa sharuɗɗa, har da sanar da mai ci, sannan ana gargaɗin yara da masu juna biyu da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su guje ta.

Game da kuɗi kuwa, wani kason na nama ne, wani na kujera da hidima da sunan wurin. Abin da ake nema a naman shi ne kitse, kusan kashi 20 cikin 100, da ɓawon nan mai ruwan ƙasa da ke fitowa idan ya haɗu da ƙarfe mai tsananin zafi, domin a nan ɗanɗanon yake taruwa. Burodin ya riƙe romon ba tare da ya jiƙe ya watse ba. Ni dai ba na sha'awar bogar da aka jibga wa kaya har sai an soka mata tsinke don kada ta faɗi; yawanci nama ne mara daɗi ake ɓoyewa a ƙarƙashin cuku da miya.

Baƙon Tebur, akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya kamata ka kula da shi. Irin waɗannan wuraren suna yawan ɗora naman alade a kan boga, suna kuma zuba giya a kwaɓin da ake soya albasa da shi ko a cikin miya, kuma ba kullum ake rubutawa ba. Idan ba ka ci, ka tambayi mai kawo abinci dalla-dalla, har da ko a kan ƙarfe ɗaya ake gasa komai, da kuma inda suke samo naman.

Baƙon Tebur:
Na gode muku ƙwarai. Abin da ya rage mini shi ne, na ji ana cewa idan aka gasa ta sosai takan bushe, kuma ba na so in biya kuɗi mai yawa a kan nama mai tauri.

Tsohon Kuku:
Idan ta bushe, to ko dai kitsen bai isa ba, ko kuma kukun ya yi ta danna ta da cokali har romon ya tsiyaye. Ka duba ko suna da irin wadda ake latsa curin naman sau ɗaya a kan ƙarfe tun yana ɗanye, ya zama faifai mara kauri. Irin wannan tana gasuwa har ciki cikin 'yan mintuna, ɓawonta ya fi yawa, kuma babu zancen ja ko kaɗan. In babu, ka nemi mai kaurin a gasa ta sosai, ka yi haƙurin ƙarin jira, domin za ta fi ta abokan naka daɗewa a wuta. Ku kuma kama tebur tun da wuri, tun da wurin da ya yi suna yakan cika maƙil da daddare.