Muhawara: Shin bairos na iya tara ruwa a ƙwaƙwalwa?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ni a ganina an cika ɗora wa bairos laifin da ba nasa ba. Sanƙarau na bakteriya da na tarin fuka su ne ke barin mugunya da tabo, su toshe hanyar ruwa. Bairos kuwa yakan wuce ba tare da ya bar komai ba.

Likitar yara: Malam, ka yi gaskiya cewa bakteriya sun fi yawan kawo shi, amma "ba tare da ya bar komai ba" ya yi tsauri. Ƙwaƙwalwar babba na samar da ruwa kusan mililita 500 kullum, alhali wanda ke ciki a lokaci guda bai wuce 150 ba. Dole ya riƙa fita. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna, wato guraben da ruwan ke bi; tsakanin ɗaki na uku da na huɗu akwai wata siririyar magudana. Bairos ɗin hangum na kama shimfiɗar bangonta, idan wurin ya warke sai ya tsuke. Shi ya sa alamun kan bayyana watanni ko shekaru bayan kumburin kumatu ya sace, an ma manta da hangum ɗin. Akwai kuma wani bairos mai suna LCMV da ɓeraye ke ɗauke da shi: idan ya kama mai ciki, jariri na iya zuwa duniya da ruwa a kai.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: To Zika fa, Likita? A Barazil a 2015 ƙananan kawuna aka gani, ba manya ba.

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa: A nan ne ake kuskure mai haɗari. Zika da wani bairos mai suna CMV sukan cinye naman ƙwaƙwalwa, ruwa ya cike gurbin, hoto ya nuna ɗakuna sun faɗaɗa, amma babu matsi. Wannan ba ya buƙatar bututun fitar da ruwa. Wanda ke buƙata shi ne mai matsi: maɗiga ta kumbura, idanu na kallon ƙasa, amai, yawan barci. A babba kuwa, ciwon kai mai tsanani da safe da dishi-dishin gani.

Ma'aikaciyar jinya: Kuma don Allah a riƙa auna kewayen kai. Jariri na zuwa da kusan santimita 35, yana ƙara kusan 2 a wata a watanni 3 na farko. Awo ɗaya ba ya gaya maka komai, jerin awo a kan jadawali ne ke nuna kan ya tsallake layi.

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa: Haka ne, Sista. Idan ana zargin toshewa, a ɗauki hoton CT ko MRI kafin a tsira allura a ƙashin baya, domin zuƙe ruwa daga ƙasa na iya jawo ƙwaƙwalwa ta danne cibiyar numfashi. Maganin kashe bairos ba ya buɗe tabo. Ko dai a sa bututu daga kai zuwa ciki, wanda kan toshe ko ya kamu da cuta, ko a huda ƙasan ɗaki na uku da na'urar leƙe, wanda ya fi dacewa da toshewar magudanar.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Na karɓi batun hangum da LCMV, Likita. Amma duk jaririn da kansa ya girma bayan zazzaɓi, bakteriya zan fara nema.