Neman kalma: yaya za mu ce "liability" da Hausa a shari'ar AI?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan karanta rahoto a rediyo kan shari'ar kamfanin jiragen sama na Air Canada, inda chatbot ɗinsu, wato manhajar AI mai amsa tambayoyin mutane a shafinsu na intanet, ya ba wani fasinja bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin wanda aka yi wa rasuwa, kamfanin ya ce na'urar ce ta faɗa ba su ba, kotu a lardin British Columbia na Kanada kuma a 2024 ta ce sai sun biya. Kalmar liability ce ta tsaya min, don Allah a taimaka.

'Yar Katsina: Alhaki mana. Kamfanin ne ke da alhaki, shikenan.

Barista: Hajiya alhaki ya yi faɗi da yawa, kina faɗa mai sauraro zai ji zunubi da hisabin lahira, alhali a kotu tambayar ita ce wa zai fito da kuɗi. Ni lamuni nake gani. A fiƙihun Malikiyya in dabbarka ta shiga gonar mutum da dare ta yi ɓarna kai ke lamuni, ba a kai saniya gaban alƙali, kuma hujjar da aka kayar da kamfanin nan ke nan, kayanka ne ka saka shi a shafinka.

'Yar Katsina: Barista lamuni yanzu in ka faɗa sai a ɗauka bashin banki ne.

Malamin Hausa: Kafin ku je can, wai me ya sa har yanzu ake cewa AI da chatbot a gidan rediyon Hausa? Ita ma ƙirƙirarriyar basira da kafafen labarai ke yayatawa a matsayin fassarar AI ban yarda da ita ba, basira baiwar Allah ce ba a ƙirƙirarta. Kwaikwayon basira ya kamata, na jima ina faɗa ba a ji saboda ba daga Landan ta fito ba.

Ɗan Maradi: Malam mu nan IA muke ji ma, wato AI da Faransanci, amma duk sa'ad da aka zauna zaɓen kalma ba a tuna da Hausar Nijar, sai a yanke a Kano a aiko muna.

Malamin Hausa: Daidaitacciyar Hausa ai ba Kano kaɗai ta yi ta ba ɗan'uwa.

Mai Fassara: Malam Allah ya ƙara sani, amma lokaci na tafiya. In na ce "alhakin biyan diyya na kan kamfanin" ya yi?

Barista: Zai wuce a wannan shari'ar tunda kuɗi aka biya. Amma in kin zo kan dokar AI ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Agustan 2024, can tara ake ci, diyya ba za ta zauna ba.

Malamin Hausa: To, a sa haka. Amma kwaikwayon basira dai ki saka ko sau ɗaya ne.

Mai Fassara: Zan gwada, in edita ya bari.