Shawarwarin da suka fito kan haɗa manhajar intanet a ƙungiyance

Ɗalibai masu koyon ilimin kwamfuta a Yamai sun zauna da wasu yayyensu da suka riga su gamawa, kuma magana ta fi tsayawa a kan abu guda: kada a fara da rubuta lambobin manhaja. A zana kowane shafi a takarda tukuna, ko a Figma, manhajar zana fasalin shafuka, a kai wa wanda zai yi amfani da shi. In manhajar lissafin kaya ce, a miƙa wa mai shago a Babbar Kasuwa, a yi shiru a ga inda yatsansa zai tsaya. Gyaran zane minti biyar ne, gyaran abin da aka riga aka gina kuwa sai ya ci mako.

Kowa ya yarda a fara da ƙaramin allon waya, a rage nauyin hotuna, don kuɗin intanet daga aljihun mutane yake fita. Wata ta tuna cewa in ba a sa UTF-8 ba, wato tsarin da ke sa kwamfuta ta nuna haruffa daidai, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ za su koma alamar tambaya.

An yi gardama kan ko a yi amfani da React, wani kayan aiki da ake ɗorawa a kan JavaScript don gina shafuka. Ni dai ina bayan masu cewa HTML, CSS da JavaScript, ainihin harsunan da ake gina shafin intanet da su, sun ishi aikin farko.

Rabon aiki kuma, a ajiye komai a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu tare, a bar tura fayil ta WhatsApp. Ranar gabatarwa gaban malamai a zo da kwafin da ke aiki ba intanet, da batir cike, saboda ɗaukewar wuta.