Hoton "candid": me za mu kira shi da Hausa?

1/ Jiya wani ƙanina da ke koyon ɗaukar hoto ya tambaye ni Hausar "candid", wato hoton da ake ɗaukar mutum bai gyara tsayuwa ba, bai gyara hula ba. Na ce masa hoton sata. Ya ce, "Haba Yaya, sata kuma?" Ya fi ni gaskiya.

2/ Amma ba ni na fara ba. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshe mai ɗaukar hoto da ya zaga Indiya da Sin da 'yar kamararsa ƙirar Leica a hannu, littafinsa na 1952 sunansa Images à la sauvette. A Faransa, "à la sauvette" ake ce wa tallar marasa izini, masu tattare kaya su arce da zarar sun hango ɗan sanda. Ka ga shi ma warta ya ɗauki abin.

3/ Wasu sun ce bazata. Bazata ba ta jira, alhali mai hoto kan shafe awa guda yana dakon haske. Shammata kuwa ƙamshin faɗa take yi.

4/ A tashar mota a Maraɗi na zauna wurin wani mai shayi. Da ya ga kamara sai ya miƙe ƙyam kamar zai yi hoton fasfo. Na ajiye ta a cinya, na sha kofi biyu, muka yi ta hirar tsadar sukari. Can ya manta da ni, ya ɗaga hannu yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. Nan na danna. Ya san ina nan, ban sace komai ba. Sakin jiki ya yi da ni.

5/ Don haka na tsaya a kan HOTON SAKIN JIKI.

6/ Wajen gyara ma sunan na tsawatar wa mutum. Na mayar da hoton mai shayin baƙi da fari, jan gwangwanaye da shuɗin leda suka daina fizgar ido. Na ƙara duhu a bayansa, na haska tururin. Tamojin goshinsa ban taɓa ba, in na goge su ya koma hoton studiyo.

7/ Cartier-Bresson a zamaninsa ko yanke gefen hoto ba ya so, har baƙin layin dodon hoto yake sa a bari in an wanke. Ni dai na yanke gwiwar wani ɗan kamasho da ta leƙo ta gefen hagu.