Wai me yasa labarin nutso ƙarƙashin teku kullum kamar yaƙi aka je?

Mai_Nazari:
Salam jama'a. Abin nan ya daɗe yana damuna wlh, duk rubutun da na karanta akan masu binciken ƙasan teku sai inga ana ta cewa an ci galaba, an murƙushe, kamar tekun abokin gaba ne. Jiya na karanta na Jacques Piccard da Don Walsh da suka sauka Challenger Deep, wuri mafi zurfi da aka sani a teku, a 1960, zurfin kusan mita 11,000, minti 20 kacal suka yi a ƙasa kuma laka ta tashi ta rufe musu gani ko hoto basu samu ɗauka ba. To don Allah galabar me aka ci anan?

Ɗan_Injiniya:
Wslm 'yar uwa. Ni dai ina musu uzuri gaskiya, matsin ruwa a wajen ya ninka na iskar da muke ciki sama da sau 1,000, tun suna hanya gilashin wata taga ta jirgin nutson nasu ya tsage amma suka ci gaba. Tsoro suka ci galaba akai, kuma injiniyoyin sun cancanci yabo.

Tauraruwa:
Malam ba a hana yabo ba, kalmar ce matsalar. Wanda aka ce ya ci gari da yaƙi ai ganima ce ke biyo baya. A 2007 Rasha ta kafa tuta a ƙasan tekun Arctic, yanzu kuma kamfanoni sun zuba ido akan yankin Clarion-Clipperton a tekun Pasifik suna son kwashe wasu dunƙulen ma'adanai masu girman dunƙulen hannu, abin da sai yayi shekara miliyan kafin ya ƙaru da 'yan milimita, kuma akwai halittu manne a jikinsu da ko suna ba a sa musu ba tukuna. In an saba maka da jin cewa wajen fili ne ba mai shi, ranar da za a kwashe ba zaka ji zafi ba.

Mai_Nazari:
Yauwa Anti, nan ne ya tsaya min a rai. Wanda ya fi taɓa ni shine na 1977 kusa da tsibiran Galapagos a tekun Pasifik, masana sun je neman maɓuɓɓugar ruwan zafi a ƙasan teku kawai sai ga tsutsotsi dogaye masu jan kai, ba baki ba hanji, suna rayuwa inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba. Ko masanin halittu ɗaya babu a tawagar saboda ba wanda yayi zaton akwai rai a can. Irin wannan rubutun nake nema, in akwai wanda ya sani ya taimaka min.