Filasha biyu a kan sanda, ina so in riƙa rage haskensu daga kyamara: me zan saya?

Mai Hoto Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Nikon D750 da filasha Godox TT600 guda biyu. Asabar mai zuwa ina da dinar biki a wani hol mai dogon rufi. Na gaji da ratsa mutane in je in sauko da sanda duk lokacin da haske ya yi yawa. Kuɗin hannuna dubu 90 ne. In sayi tiriga XPro, wato na'urar da ake ɗorawa a kyamara tana sarrafa filasha ta rediyo, ko in ƙaro filasha ta uku in ɗora a kyamara ta zama masta, mai ba sauran umarni?

Ɗan Obalende: Sa komai a TTL, kyamara ta riƙa auna hasken da kanta, ka huta, ɗan'uwa.

Baba Idi-Araba: Wa alaikumus salam. TT600 ba ta da TTL, sai ka karanta tambaya kafin ka amsa. Yaro, ko wanne ka saya, ka raba su rukuni: ta gaban amarya A, ta baya B. Daga masta sai ka sauke ƙarfin A daga 1/8 zuwa 1/16, rabin hasken ya tafi kenan, B tana inda take. Tiriga ta fi sauƙin ɗauka, amma filasha a kan kyamara tana cika maka inuwar ƙarƙashin goggoro.

Hajiyar Kyamara: Ni dai ku bari in faɗa muku abin da ya same ni a Ikeja. Na jera fitilu, na gwada, komai tsaf. Ana shigo da amarya sai filashata ta dinga walƙiya ban taɓa komai ba. Na sa 1/32, in duba in ga 1/2. Farin leshin uwar ango ya ƙone ƙurmus a hoto, ko zanen jiki ba a gani. Ashe wani mai hoto da ba wanda ya gayyace shi yana canel 1 kamar ni, wato layin rediyonmu ɗaya, duk abin da ya murɗa a tasa tiriga nawa fitilun ne ke amsawa. Batir ya yi zafi, filasha ta ƙi tashi daidai lokacin liƙi. Har yau ba su cika min kuɗina ba. Canel 32 ne a na'urar nan, don Allah kada kowa ya zauna a 1, in taka tana da lambar ID, wadda ke ware fitilunka daga na wasu, ka sa.

Ɗan Obalende: Allah ya mayar da alheri Hajiya. XPro dai dubu 65 na saya a kasuwar Computer Village.

Sarkin Lema: Wace shekara? Jiya aka ce min dubu 110 a cikin Eko.

Ɗan Obalende: Sun ga babbar rigarka ne, Alhaji, suka yi maka kuɗin masu canji.

Na Mile 12: Me zai sa ya kashe kuɗi? D750 tana da ƙaramar filasha a kanta da ke ba da umarni.

Baba Idi-Araba: Wannan da haske take magana, da filashar da ke jin yaren Nikon. TT600 sai dai ya sa ta a S1 ko S2, wato in ta ga walƙiyar wata filasha ta tashi kawai, ba zai iya rage mata ƙarfi ba. Kuma duk wanda ya kunna filasha a hol ɗin zai tayar masa da ita.

Na Mile 12: Baba, da girmanka, hoton sitidiyo kake yi. Biki daban ne.

Baba Idi-Araba: Ina ɗaukar biki tun ana wanke fim.

Mai Hoto Agege: To Baba, tiriga ko filasha?

Hajiyar Kyamara: Kafin nan, ya za mu yi da masu kutsen nan? Su shigo ba kati, su tsaya gaban lemar filasharka, kafin a tashi sun buga hotuna suna sayarwa a bakin ƙofa.

Sarkin Lema: Ni yanzu a takardar yarjejeniya nake sa wa, masu biki su tsare ƙofa. Amma wa zai hana ƙanen ango da wayarsa?